Motar Malam Isiyaku da Takardar da Sabi'u Ya Rantse Bai Karɓa Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban rumfar masu fitar wa motoci takardar ƙetare iyaka, bakin iyakar Maigatari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk na ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ba lallai ka tuna ni ba. Sunana Naja'atu, shekarata goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe na sakandare a Gumel. Ni ce yarinyar nan mai farin hijabi da ta tsaya bayan mahaifinta Malam Isiyaku tsohon hedimasta ranar da ya kawo ƙara rumfarku, wadda ka tambaya ko ta ga wani abu, ta sunkuyar da kai ta kasa cewa uffan har mutanenka suka yi dariya. Haka Allah ya yi ni, in mutane suka wuce uku a wuri sai bakina ya mutu. Amma hannuna ba ya jin kunyar kowa. Abin da na kasa faɗa ran nan shi zan rubuta yau, kuma ba kai kaɗai za ka karanta ba. A ƙarshe zan gaya maka su waye sauran.

Ƙarata a kan ɗan rumfarku ce, Sabi'u, wanda kuke kira Sabi'u Hatimi.

Na ɗaya, motar da ake magana a kanta.

Motar mahaifina ce. Tsohuwa ce, ruwan toka, ƙofar baya ta hagu sai an buɗe ta ta waje. Ita kaɗai ce abin da Baba ya saya wa kansa bayan ya ajiye alli. Kullum in gari ya waye sai ya fito da bokiti da tsohuwar singileti ya wanke ta a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ko za ta fita ko ba za ta fita ba. Masu naƙuda nawa ta kai asibiti a unguwarmu, ban san iyaka ba. Ni kuwa ita ce ɗakin karatuna. In na gama aikin gida sai in shige kujerar baya in ja ƙofa, duniya ta manta da ni, ni ma in manta da ita.

Yau makonta bakwai a harabar 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, rana tana cin tayoyinta. Sun ce in watan nan ya ƙare ba a warware maganarta ba, gwanjo za ta tafi.

Na biyu, yadda Sabi'u ya shigo cikin rayuwarmu.

Yayar Baba, Gwaggo Asabe, tana aure a wani ƙauye gaba da Dungas. Da mijinta ya rasu muka shirya zuwa ta'aziyya, ni da Baba da Umma. Kai ka fi ni sanin aikin, amma saboda sauran masu karatu zan yi bayani. Motar baƙo ba ta shiga Nijar sai da takardar wucin gadi da suke kira lesefase. A rubuta motar a littafinsu, ta shiga ta yi kwanakinta. Ranar fitowa dole a mayar musu da takardar, su buga hatimin fita, su soke sunan motar. In ba a yi haka ba, a wurinsu motar tana cikin ƙasarsu har yanzu, ko da kuwa tana gindin darbejiya a Gumel ana wanke ta.

Sabi'u ne ya fitar mana da takardar. Yana hango Baba ya taho da gudu ya durƙusa har ƙasa, ya ce Malam ne ya koya masa rubutu a aji huɗu, ya ce da ba don Malam ba da yanzu yana bin raƙuma a kara. Baba ya ji daɗi har cikin ransa. Duk hanyar Dungas labarin Sabi'u yake ba mu, wai yaro ne mai kyan rubutu.

Muka kwana uku, muka juyo ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Layin manyan motocin shanu ya miƙe ba a ganin ƙarshensa, ga rana, ga ƙura. Sai ga Sabi'u a kan babur, cikin farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Haba Malam, kai ne za ka bi layi ina raye? Kawo takardar, ni zan kai a buga. Ku biyo ni ta baya." Baba ya miƙa masa. Umma ce ta ce daga gefe, a dai rubuta mana wani abu. Baba ya harare ta don kunya. Sabi'u ya yi dariya ya ce Hajiya ta fi Malam iya boko, ya yago takarda daga ɗan littafinsa, ya ɗora a kan tankin babur ya rubuta, ya huro hatiminsa ya danna. Baba ko dubawa bai yi ba, ya miƙo ta baya ta saman kafaɗarsa, don kada ɗalibinsa ya ga kamar bai yarda da shi ba. Ni na karɓa.

Sannan Sabi'u ya shige gaba, muka bi shi ta wata hanyar yashi da amalanke da babura ke bi, har muka ɓullo cikin gari. Ya ɗaga mana hannu. Baba ya yi ta sa masa albarka.

Zan faɗi wani abu mai nauyi a bakina, don ka san ƙiyayyata ba tsohuwa ba ce. A ranar ina karanta wani littafin soyayya ne a kujerar baya. Da na ga Sabi'u ya durƙusa wa mahaifina, da farar shaddar nan da ladabin nan, sai na ɗauki fuskarsa na ba jarumin littafin. Har muka iso Gumel da fuskarsa nake karatu. A littattafan da nake karantawa mugu yana zuwa da alama, ko jajayen idanu ko muguwar dariya, tun shafin farko kin gane shi. Ba wanda ya gaya mini yana zuwa da turare da gaisuwa.

Na uku, ranar da aka kama motar.

Bayan wata biyu aka aiko Gwaggo ba ta da lafiya, ƙafarta ta kumbura ba ta iya takawa. Muka tashi mu ɗauko ta mu kawo ta asibitin Gumel. A ofishin duwan suna buɗe littafi suka ce Baba ya kashe mota ya ba da makulli.

Ba ni da abin da zan ce da su. Babbansu dattijo ne mai furfura, ya ba Baba kujera, ya sa aka kawo masa ruwa. Ya nuna masa a rubuce cewa motarmu ba ta taɓa fita daga ƙasarsu ba. Ya kuma nuna masa abin da ya fi wannan muni: kwana tara bayan mun koma gida, an ga takardarmu a wani shinge a hanyar Damagaram, a hannun wani direba, da wata mota ruwan toka mai lamba irin tamu. Waccan motar ta shige, ba ta sake fitowa ba. Dattijon ya ce, "Malam, ni ban ce ka yi fasa-ƙwauri ba, littafi ne ya ce. Kawo mini wanda ka ba takardar."

Gwaggo a kan babur aka fito da ita, an sa ta a tsakiya, Umma na riƙe da ita ta baya, ƙafar na reto, tana cije mayafi don kada a ji kukanta. Baba kuwa da ƙafa ya tsallako iyaka. Ina bayansa, ina kallon hannunsa yana ta shiga aljihu yana fitowa, yana laluben makullin da babu.

Na huɗu, zaman da aka yi a rumfarka.

Wannan kana wurin, don haka ba zan tsawaita ba, tuni kawai zan yi maka. Sabi'u ya sake durƙusawa. Ya dafa ƙirji ya rantse da Allah ya ce shi dai ya fitar da takarda ranar shiga, amma ranar dawowa ko ganin Malam bai yi ba. Ya ce, "Malam ubana ne, amma shekaru sun ja, mantuwa ba laifi ba ce." Wani daga bayan benci ya ce ashe dattawan yanzu ma sun iya harka. Ka ji shi, ranka ya daɗe, don na ga ka murmusa. Ba ka tsawatar ba. Ka ce ina shaida. Baba ya ce an rubuta masa takarda amma ya neme ta ya rasa. Ka juyo gare ni. Kafin in haɗiye yawu Sabi'u ya ce, "Wannan ai ba ta san duniyar da take ba, kullum kanta na cikin littafi." Da bakinsa ya faɗa, shi da ya rantse bai gan mu ba a ranar, kuma duk rumfar ba wanda ya tambaye shi a ina ya ga kaina cikin littafi.

Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana koya wa 'ya'yan mutane gaskiya, aka tashe shi a matsayin ko maƙaryaci ko wanda hankalinsa ya fara gushewa, ya zaɓi ɗaya. Tun daga ranar Baba ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Ana sallame salla yake shigowa gida.

Na biyar, laifina.

Ba zan ɓoye nawa ba, tunda na zo tona na wani. Na san inda takardar take tun ranar da aka kama motar. Da Baba ya miƙo mini ita, cikin littafina na sa ta, alamar inda na tsaya. Littafin kuwa na naɗe shi da takardar siminti na rubuta Bayoloji a kai, domin Baba ya hana ni karanta irinsu tun ina ƙaramar sakandare. Kuma kafin in ƙarasa shi wata ƙawata ta matsa mini na ba ta aro, ita ma ta ba wata, ya bar Gumel.

Mako uku ina kallo ana zazzage gida. Aka ɗaga katifu, aka juye akwatunan Umma, aka buɗe kowane fayil na Baba. Baba ya ce Umma ya ba, Umma ta ce ita ba ta taɓa ta ba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin muryarsu ta ɗaga a kan juna ba sai a makonnin nan. Ni ina ɗaki na toshe kunne, tsoro ya hana ni cewa ga ta inda take. Wannan nawa ne, ni da Allah. Amma wanda ya jefa gidanmu cikin wannan hali, shi ma na rubuta masa nasa.

Wata safiya na leƙa ta zaure na ga Baba ya fito da bokitinsa da singiletinsa kamar kullum. Ya mance. Ya tsaya a kan tabon baƙin man da motar ta bari a ƙasa, ya daɗe. Da ya ga maƙwabcinmu na kallonsa sai ya juye ruwan a gindin darbejiya, wai a ɗauka ban ruwa ya fito yi. Ban san lokacin da na isa gabansa na durƙusa ba. Na faɗa masa komai, har da bangon Bayoloji. Ya ajiye bokitin. Can ya ce, "Wa kika ba littafin?" Na faɗa. Ya ce, "Ɗauko hijabinki, ki kira uwarki."

Na shida, yadda takardar ta dawo.

Ranka ya daɗe, akwai wata ƙungiya a ƙasar nan da ba ta da rumfa ba ta da shugaba, kuma ba ku san da ita ba. Yawancinmu ba a bar mu mu riƙe waya ba, don haka littafi ɗaya sai ya zaga gari huɗu. Yana tafiya a ƙarƙashin kular abinci, a cikin kayan ɗinki, a jakar mai zuwa biki. Duk wadda ta karanta sai ta sa sunanta a cikin bangon baya. Kuma muna da ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: in kin tarar da alamar wata a cikin littafi, ko tsinke ne ko zare ko ɓawon alewa, ba ki cire ta. Ki ɗaga, ki karanta shafin, ki mayar da ita inda take, don mai ita za ta dawo ta ƙarasa.

Kwana huɗu ni da Umma muna bin sawun littafin a motar haya. Ƙawata ta ce yana Gagarawa Tasha wurin 'yar kawunta. Can aka ce ya wuce Ɗanzomo wurin wata amarya. Amaryar tana jin bayaninmu ta ce, "Takardar nan mai shuɗin hatimi? Tana nan a shafin da jarumin ya dawo daga tafiya. Ni har haushinta na ji, ta tare mini wuri mai daɗi." Ta ce ta ba wata tela a Sule Tankarkar. A can muka same shi, a aljihun keken ɗinki, bangon Bayolojin ya yage, duk ya sha hannu. Na buɗe shi. Tana nan inda na bar ta. Ta ɗauki ƙamshin turaren wuta da ɗigon manja a gefe, amma kowane harafi yana nan, da kyakkyawan rubutun da Baba ya yi ta yabo:

"Ni Sabi'u na karɓi takardar lesefase ta motar Malam Isiyaku, zan mayar yau Alhamis."

Ga lambar motar, ga sa hannunsa, ga hatiminsa. Sunaye goma sha ɗaya na ƙirga a bangon baya. Mata goma sha ɗaya, ba wadda ta taɓa rantsuwa a gaban kowa, kowacce ta ɗaga amanar da ba tata ba ta mayar da ita wurinta. Ka auna su da mutuminka.

Umma ta zauna a kan tabarmar telar ta yi kuka. A gidaje biyu cikin waɗanda muka shiga, da aka ji sunan Sabi'u sai aka kalli juna, aka ce an taɓa yi wa wani nasu wannan alherin na kada ka bi layi. Ba zan faɗi sunansu ba, da ƙafarsu za su zo.

Mun kai wa dattijon duwan. Ya duba ya ce madalla, ya yarda Malam ya miƙa takarda, amma ba zai iya sakin mota ba sai mai rubutun ya zo da kansa ya faɗi inda ya kai ta. Sau uku Baba yana aika wa Sabi'u, sau uku ana cewa ya yi tafiya, alhali ranar Alhamis da ta wuce an gan shi a rumfarku yana shan shayi. Na haɗo maka hoton takardar. Ta ainihin tana inda take. Ko kai ba zan miƙa wa a hannu ba, na ga abin da miƙa takarda a hannu ya jawo mana.

Baba ya ce in mota ta dawo shi ya yafe, ɗalibi ɗa ne. Wannan halinsa ne, kuma shi ya sa aka yi masa abin da aka yi. Ni ban yafe ba. Ban yafe ƙafar Gwaggo ba, ban yafe muryar iyayena da na ji ta bango ba, ban yafe ruwan da aka juye a gindin darbejiya ba. Baba bai san na rubuta wannan wasiƙa ba. Zai sani yau, zai yi mini faɗa, na shirya.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ka sa Sabi'u a gaba da kanka, kafin watan nan ya ƙare, ka kai shi ofishin duwan ya faɗi wanda ya ba takardarmu. Abin da hukumar can za ta yi da shi, ta yi, ba zan roƙa masa sassauci ba.

Ka karɓe hatimin nan daga hannunsa, ranar Alhamis, da rana tsaka, lokacin da rumfa ta cika, ba a bayan ɗaki ba.

A kira Baba a ba shi kujera a wurin da aka yi masa dariya. Sabi'u ya miƙe tsaye, kada ya durƙusa, mun ga durƙusonsa. Ya karanta takardar nan da ƙarfi yadda ake karatu a aji huɗu, har na bayan benci ya ji, shi ma wancan mai maganar harka a nemo shi ya zauna a gaba.

In motar ta dawo, shi zai wanke mata ƙurar mako bakwai, a ƙofar gidanmu, da bokitin Baba, maƙwabta suna wucewa.

Na ce zan gaya maka su waye sauran masu karanta wannan wasiƙa. Ni da ƙawayena mun kwafe ta da hannu, mun ninke, mun sa ta a cikin kowane littafi da ya biyo ta hannunmu. Yanzu haka tana kan hanyar Gagarawa da Ɗanzomo da Sule Tankarkar, wasu sun riga sun tsallaka Nijar ba tare da lesefase ba. Za ta shiga gidan direbobi da 'yan kasuwar hatsi da dillalan shanu, duk masu kawo muku motoci. Ina jin har gidanka za ta shiga, don ban san gidan da ba mu da mutum ba. Matan za su karanta, kuma ka san ba a bakinsu za ta tsaya ba. Ranar da aka yi abin da na roƙa, zan rubuta wata in faɗi cewa Shugaba ya yi adalci, in bi da ita ta hanya ɗaya. In kuwa motar Baba ta tafi gwanjo, wannan ce za ta ci gaba da zagawa da sunan Sabi'u da labarin murmushinka, har takardar ta tsufa a sake kwafe ta. Ka riga ka ji ƙa'idarmu, ba a cire alama.

Allah ya ba ka ikon tsayawa a kan gaskiya ko da a kan na jikinka ne. Allah ya tsare maka mutuncinka, kada ya nuna maka ranar da za a ce ka tsufa a gaban 'yarka, ita kuma ta kasa buɗe baki. Allah ya sa ka gama da shugabancin nan lafiya.

Littafin yana wurina, saura mini shafi kaɗan. Ban san ko jarumin ya cika alkawarinsa ba, kuma na cire masa fuskar da na ba shi. Na yi wa kaina alkawari ba zan buɗe shi ba sai ina zaune a kujerar baya ta motar Baba, a gindin darbejiya, na ja ƙofar nan da ba ta buɗuwa ta ciki.

Wassalam.

Taka mai jiran ranar Alhamis,
Naja'atu Isiyaku, Gumel.